Yadda Ake Zaɓen Maltibitamin na Kullum

Wanda ya shiga kantin magani ya ce a ba shi "bitamin mai kyau", yawanci wanda ya fi tsada ko ya fi kyan kwali ake miƙo masa. Gaban kwali talla ne kawai. Abin da zai amfane ka, ko ya cutar da kai, yana can baya, cikin jadawalin nan mai ƙananan rubutu da mutane ba su cika dubawa ba. Wannan jadawali za mu koya karantawa, amma akwai tambayoyi biyu da ya kamata a amsa tun kafin a bar gida.

Mataki na farko: shin ana ma buƙatarsa?

Maltibitamin, wato ƙwayar da ta haɗa bitamin da sinadarai iri-iri, cike giɓi yake yi. Idan abincinka ya gaza a wani wuri, ƙwaya ɗaya a rana tana rufe wurin. Ba ya maganin hawan jini, ba ya hana ciwon suga, ba ya ƙara ƙarfin namiji. A 2022 kwamitin ƙwararru na Amurka mai ba da shawara kan rigakafin cututtuka ya bi diddigin binciken da aka tara, ya ce babu isasshiyar hujja da ke nuna cewa maltibitamin yana hana ciwon zuciya ko kansa ga mai lafiya. Saboda haka wanda yake samun wake, ganye irin su zogale da alayyahu da rama, ƙwai ko kifi ko nama 'yan lokuta a mako, nono, da 'ya'yan itace na lokacinsu, da wuya ya ga wani canji. Ga shi kuma a Najeriya doka ta wajabta ƙara bitamin A a man girki da sukari da fulawa na kamfani, shi ya sa ake ganin alamar ido a jikin ledarsu, gishiri kuma ana sa masa aidin.

Waɗanda suka fi amfana su ne macen da take shirin ɗaukar ciki, mai ciki da mai shayarwa, dattijon da cin abincinsa ya ragu ko haƙoransa suka zube, wanda ya tashi daga doguwar jinya, wanda ba ya cin nama da ƙwai da nono ko kaɗan, da wanda abincinsa kullum tuwo ne da miya mara nama. Mai ciwon suga da ya shekara da shekaru yana shan metformin, da mai olsa da ya daɗe a kan omeprazole, su ma suna cikin sahun, domin magungunan biyu suna rage yadda hanji ke tsotse bitamin B12.

Akwai kuskuren da muke gani kullum. Mutum yana jin kasala, jiri, bugun zuciya in ya hau bene, idonsa ya yi fari, sai ya sayi maltibitamin ya yi wata uku yana sha. Waɗannan alamun ƙarancin jini ne, kuma ƙarancin jini yana da sanadi: zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, tsargiya, basir mai zubar da jini, yawan jinin al'ada, ko gyambon ciki. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Ayon ɗin da ke cikin maltibitamin, wato sinadarin ƙarfe, bai kai ya magance wannan ba. Mai irin waɗannan alamu ya fara zuwa a auna masa jini, gwajin PCV ba shi da tsada kuma ana samun sakamako a ranar, a kuma nemo inda jinin yake tafiya.

Mataki na biyu: mai ayon ko mara ayon?

Wannan ita ce shawarar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce take raba kayan da ke kan kanta gida biyu. Ayon, wato sinadarin ƙarfe, a jikin kwali ana rubuta shi Iron ko Ferrous. Jiki ba shi da hanyar fitar da shi idan ya yi yawa, sai dai ta zubar jini. Abin da ya wuce buƙata taruwa yake yi a hanta da zuciya.

Macen da take al'ada tana buƙatar miligiram 18 a rana, don haka ta nemi wanda yake da kimanin hakan. Namiji baligi da macen da ta daina al'ada miligiram 8 kawai suke buƙata, abinci yana ba su, su ɗauki mara ayon ko mai ɗan kaɗan. Shi ya sa kwalaben da aka rubuta wa "Men" ko "50+" galibi ba su da ayon. Wannan bambanci na gaske ne, ba dabarar kasuwa ba ce. Miji ya daina shan na matarsa don kawai shi ne a gida.

Masu sikila su yi hattara sosai a nan. Jininsu yana yin ƙasa ne saboda ƙwayoyin jinin suna fashewa da wuri, kuma ayon ɗin da ya fito daga cikinsu yana nan a jiki. Wanda ake yi wa ƙarin jini a kai a kai ma ayon ya riga ya yi masa yawa. Ba wa mai sikila maganin ƙarin jini na kwalba ko maltibitamin mai ayon ba tare da likitansa ya auna ya ce yana buƙata ba, ƙara masa cuta ne. Folik asid, wani daga dangin bitamin B, wanda aka ɗora shi a kai a asibiti, shi ne nasa.

Mataki na uku: juya kwalin ka karanta

Fara da layin sama, inda aka rubuta Serving size. Shi ne yake faɗin ko alƙaluman da ke ƙasa na ƙwaya ɗaya ne ko na biyu. Kwalba mai ƙwaya 60 da ake shan biyu a rana ta wata ɗaya ce, ba ta wata biyu ba. Raba kuɗin kwalbar da yawan kwanakin da za ta yi, ta nan ake gane mai araha na gaskiya.

Sai ginshiƙin dama, mai alamar %DV a kayan Amurka, ko %NRV a kayan Turai. Ma'anarsa kashi nawa cikin ɗari na buƙatar yini ɗaya ƙwayar ta ƙunsa. Abin da ake nema shi ne wanda mafi yawan layukansa suke kusa da 100. Idan ka ga 1,000 ko 3,000 a layuka da yawa, mayar da shi kan kanta. Bitamin C da dangin B suna narkewa a ruwa, rarar tana fita a fitsari, kuɗinka ne ya bi bayan gida. Bitamin A, D, E da K kuwa a kitse suke narkewa, jiki yana ajiye su, kuma A da D suna zama guba in sun taru.

A lura da ma'auni. Harafin mg miligiram ne, mcg ko µg maikirogiram ne, kuma maikirogiram 1,000 ne suke ba da miligiram 1. IU wani ma'auni ne na daban da ake amfani da shi ga bitamin A, D da E. Mutane da yawa suna ganin 400 a wannan kwali, 10 a wancan, su ɗauka na farko ya ninka na biyu sau arba'in, alhali IU 400 na bitamin D daidai yake da maikirogiram 10.

Bitamin A ya cancanci a tsaya a kansa. Namiji yana buƙatar maikirogiram 900 a rana, mace 700. Iyakar da ba a so a wuce ita ce maikirogiram 3,000, wato IU 10,000. Amma nau'i biyu ne. Akwai wanda aka rubuta retinol, retinyl palmitate ko retinyl acetate, wannan shi ne mai taruwa a hanta, kuma yawansa a farkon ciki yana jawo nakasa ga jariri. Akwai beta-carotene, irin wanda yake cikin karas da manja da mangwaro, wanda jiki yake juya iya abin da yake so. Kwalin da ya nuna wani kaso na bitamin A ɗinsa daga beta-carotene yake ya fi kwanciyar hankali, sai ga mutum ɗaya: mai shan taba. Manyan bincike biyu, ɗaya a Finlan da aka fitar a 1994, ɗaya a Amurka a 1996, sun gano cewa ba wa mashaya taba beta-carotene mai yawa ya ƙara musu kansar huhu. Mai shan sigari, ko wanda ya daɗe yana sha kafin ya bari, ya guji duk wanda aka cika wa beta-carotene. Kuma duk mai shan man hantar kifi ya san akwai bitamin A da D a ciki, in ya haɗa da maltibitamin ya ninka.

Sauran a taƙaice. Bitamin D, IU 600 ga baligi, 800 ga wanda ya haura shekara 70, kar a wuce 4,000 sai da umarnin likita. Fata tana samar da shi daga hasken rana, rana kuma tana da yawa a ƙasarmu, amma macen da ba ta cika fita ba da tsohon da yake kwance a ɗaki suna iya rasa shi. Bitamin C, miligiram 75 ga mace, 90 ga namiji, goba ɗaya ta wuce haka. Zink, miligiram 8 ga mace, 11 ga namiji, iyaka 40, domin yawansa na tsawon lokaci yana korar sinadarin kofa, wato copper, daga jiki. Aidin, maikirogiram 150. B12, maikirogiram 2.4, kuma shi ne wanda ba a damu ba in ya wuce 100 cikin ɗari, musamman ga dattawa, saboda ɗan kaɗan ne yake shiga jini.

B6 ne ake mantawa da shi. Buƙatar baligi ba ta kai miligiram 2 ba, amma akwai ƙwayoyin da ake sayarwa don ciwon jijiya masu miligiram 50, 100 har 200. Shan irin wannan wata da watanni yana lalata jijiyoyin da aka sha shi don su, mutum ya riƙa jin tafin ƙafa da yatsu suna mutuwa ko suna tsira. Mai shan maltibitamin kar ya ƙara da B-complex a kai don kansa.

Kalsiyam kuma kar a sa rai. Baligi yana buƙatar kimanin miligiram 1,000 a rana, wannan ba zai shiga ƙwaya ɗaya tare da sauran ba, za ta yi girman da ba a iya haɗiyewa. Abin da ke ciki ɗan taɓawa ne. Nono, kindirmo, ƙananan kifi da ake ci da ƙaya, kuka da zogale su ne hanya.

Ganyayyaki da ake ƙarawa a jerin, irin su ginseng da ginkgo, ba su da wani amfani a ƙwayar kullum, suna ƙara kuɗi, wasu kuma suna karo da magunguna. Idan ka ga an rubuta proprietary blend ba a faɗi nauyin kowane abu ba, kamfanin ya ɓoye maka abin da kake sha.

Mai ciki da mai shirin ɗauka

'Yar'uwa, naki daban ne. Laka da ƙwaƙwalwar jariri suna haɗuwa su rufe cikin kwana 28 na farko bayan shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma san sun ɗauka ba. Folik asid maikirogiram 400 a rana yana rage haɗarin a haifi jariri da buɗaɗɗen baya, amma sai an fara shi tun kafin cikin, aƙalla da wata ɗaya. Amaryar da take fatan haihuwa ta fara yanzu. A kwalin Amurka za ki iya ganin Folate da adadi kusan 670 ko 680 da haruffan DFE, a gefensa an rubuta folic acid 400, wannan na biyun shi ne abin dubawa.

Idan ciki ya tabbata, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikirogiram 400 kullum, su ne ake bayarwa a wurin awo. Wasu asibitoci yanzu suna ba da ƙwaya ɗaya mai sinadarai 15 da ake kira MMS a madadinsu. Idan an ba ki ɗaya daga ciki, kar ki ƙara wani maltibitamin na kasuwa a kai, ki kai kwalin ki nuna wa ma'aikaciyar awo. Kuma ga wani abu da ya shafi yankinmu kai tsaye: folik asid mai miligiram 5, wannan ƙaramar rawayar ƙwaya da take ko'ina a kemis, yana rage ƙarfin maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na SP, wanda aka fi sani da Fansidar, da ake ba masu ciki. Miligiram 5 ya ninka maikirogiram 400 fiye da sau 12. Ana ba da shi ne ga wasu mata na musamman, kamar masu sikila, masu shan maganin farfaɗiya, ko wadda ta taɓa haifar jariri mai matsalar laka, kuma likita ne yake yanke wannan.

Mataki na huɗu: jera magungunan da kake sha

Ayon, kalsiyam, zink da magniziyam suna kama wasu magunguna a cikin hanji su hana su shiga jini. Mutum yana shan magani da ƙa'ida amma ba ya aiki, ba a san dalili ba.

Ciprofloxacin, wanda ake yawan rubutawa don taifot da ciwon sanyi, a sha shi awa 2 kafin maltibitamin ko awa 6 bayansa. Mafi sauƙi ma a ajiye bitamin ɗin har a gama kwanakin maganin. Doxycycline da tetracycline su ma a raba su da awa 2 zuwa 3. Levothyroxine, maganin da ake ba masu matsalar maƙoƙo, a raba da awa 4. Masu shan dolutegravir, wanda yake cikin haɗin TLD na cuta mai karya garkuwar jiki, su sha maganinsu awa 2 kafin bitamin ko awa 6 bayansa, in kuwa dole a haɗa, to tare da abinci. Mai shan warfarin don tsinka jini kar ya fara ko ya daina maltibitamin mai bitamin K sai ya gaya wa likitan da yake auna masa jini. Mai ciwon ƙoda ko hanta kar ya zaɓa da kansa ko kaɗan.

Biotin, wanda ake cika wa ƙwayoyin gyaran gashi da fata, yana rikita sakamakon wasu gwaje-gwajen jini, har da na maƙoƙo da na gano ciwon zuciya. A faɗa wa likita kafin a ɗebi jini.

Mataki na biyar: tabbatar da na gaskiya ne

A Najeriya a nemi lambar rajistar NAFDAC, sannan a shigar da sunan ko lambar a manhajar hukumar mai suna Greenbook a ga ko sun dace da abin da ke hannu, domin masu jabu ma suna buga lamba. Idan akwai wurin kankarewa, a kankare a tura lambar ta saƙon waya. A duba lambar rukuni, ranar da aka yi shi da ranar ƙarewar wa'adinsa, a tabbata na kwali da na kwalba iri ɗaya ne, murfi kuma ba a taɓa shi ba. Kayan da aka shigo da su daga Amurka, tambarin USP ko NSF yana nuna wata cibiya mai zaman kanta ta auna ta ga abin da aka rubuta yana ciki. Kwatanta wa'adin da kwanakin kwalbar: mai ƙwaya 365 da saura wata biyar ya lalace ba araha ba ne.

Inda aka saya yana da tasiri kamar abin da aka saya. Yawancin kwalaye sun ce a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30. A Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu zafi yana haura 40, kuma bitamin C da B1 da folik asid suna lalacewa da zafi da danshi. Wanda aka baza a tire ko baro a tasha ya sha rana wuni guda, ko da na gaskiya ne ƙarfinsa ya ragu. Waɗanda ake ƙirgawa a zuba a farar leda babu suna babu wa'adi, a bar su.

A karanta jerin abubuwan haɗi. Kafso mai laushi da irin masu kama da alewa galibi da gelatin ake yin su, wanda zai iya zama na shanu, na kifi ko na alade. A nemi tambarin halal, ko inda aka rubuta bovine, fish ko vegetable capsule, ko a ɗauki ƙwaya mai tauri a duba jerinta. Wasu na ruwa suna da barasa a ciki, ana rubuta alcohol ko ethanol. Sannan a kula da kalmar cyproheptadine. Magani ne na ƙaiƙayi da atishawa wanda yake buɗe ciki ya sa barci, ana gauraya shi da bitamin a sayar wa masu son ƙiba. Wannan ba maltibitamin ba ne. Haɗin nan da ake kira sha-ka-fashe ya fi muni, domin sau da yawa akwai dexamethasone a ciki, mai kumbura fuska, ya tayar da suga da hawan jini, ya raunana ƙashi.

Mataki na shida: yadda ake sha

Ƙwaya ɗaya, tare da abinci mai ɗan maiƙo, da ruwa kofi guda. Maiƙon ne yake taimaka wa A, D, E da K su shiga jini, abincin kuma yana hana tashin zuciyar da ayon da zink suke sa wa wanda ya sha da yunwa. Kar a kora da shayi ko kofi ko madara, suna hana ayon shiga, a bar tazarar awa ɗaya zuwa biyu. Wanda karin kumallonsa shayi da burodi ne ya mayar da shan bitamin zuwa abincin rana. Lemo ko goba a gefe suna ƙara shigar ayon. A watan azumi a sha bayan an ci abinci mai nauyi da dare ko a sahur, ba a kan dabino da ruwa ba. Idan an manta yau, gobe ɗaya za a sha, ba biyu ba.

Fitsari ya koma rawaya shar, wannan bitamin B2 ne, ba komai. Bayan gida ya yi duhu ko ya yi tauri, ayon ne, a ƙara ruwa da ganye da gwanda. Amma baƙi mai yauƙi da wari mai tsanani tare da ciwon ciki alama ce ta jini, a je asibiti. Ƙuraje, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, a daina nan take. Idan an yi wata uku kasalar da ta sa aka fara tana nan, a koma wurin likita maimakon sauya kamfani.

A ajiye kwalbar a rufe, a inuwa, nesa da murhu da banɗaki da cikin mota, a bar ɗan ƙullin nan mai tsotse danshi a ciki.

Yara ba a ba su na manya, ko da an raba biyu. Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 da ake ɗiga wa bitamin A a makon lafiyar mata da yara, shuɗin kafso mai IU 100,000 ga ɗan ƙasa da shekara ɗaya, ja mai IU 200,000 ga na sama da haka, ya samu na wata shida, kar a ƙara masa wani mai yawan bitamin A sai ma'aikacin lafiya ya ce. Kuma a ɗora kwalbar manya inda hannu ba ya kaiwa, musamman jajayen ƙwayoyin ayon na masu ciki, masu santsi da ɗan zaƙi a baki. 'Yan ƙwayoyi kaɗan suna iya kashe ƙaramin yaro. Gubar ayon tana da yaudara: yaro zai yi amai da gudawa, sai ya ware kamar ya warke na wasu awanni, alhali hanta tana lalacewa a ciki. Idan an ga yaro da buɗaɗɗiyar kwalba, kar a ba shi manja ko madara, kar a sa shi amai, kar a jira alama. A ɗauke shi tare da kwalbar zuwa asibiti, a gaya musu ƙwaya nawa ake zaton ta ɓace da kuma ƙarfe nawa abin ya faru.